Kalma Ɗaya ta Kai Ni Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu na sha shayi da zafinsa ba a rumfar Alhaji Manu tela, can bakin Kasuwar Gombe inda muke zama da yamma. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Malam Buba, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa tambayar a kan jandarmomi. Na ba da labarin nan a gutsuttsure har na fara haɗa kansa da ƙafarsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan, duk wanda ya tambaye ni in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin kimiyya ne a kwalejin horon malamai ta nan garin. Kun dai ga yadda ake ciki tun da kuɗin man fetur ya shigo. An ce kowane yaro sai ya shiga firamare, ana ta aza azuzuwa na bulo da kwano har a ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Amma littattafan kimiyya duk Turanci ne, yaro kuwa bai san ko "zo" da Turanci ba. Sai aka shirya taron malamai daga Najeriya da Nijar a Damagaram, don a tsayar da kalmomin kimiyya da Hausa, a rubuta littafi ɗaya da zai yi wa yaran ƙasashen biyu. Daga kwalejinmu aka zaɓi mutum biyu, ni da Malam Iliya, malamin lissafi, Batangale dogo daga wajen Kaltungo, mutum mai son dariya da son abinci.

Kowa aka aiko masa da jerin kalmominsa. Nawa guda talatin ne, duk na zafi da haske. Ashirin da tara na samo musu Hausa. Ɗaya ta ƙi.

Turawa suna ce mata riradiyeshin. Ma'anarta abu ya sha zafi ko haske daga wani wuri, ya riƙe shi a jikinsa, daga baya ya sake fitar da shi. Ba irin na madubi ba ne, wanda haske ke bugunsa ya koma nan take bai shige shi ba. Wannan sai ya shiga cikin abin tukuna. Shekara da shekaru ina koyar da ita, ɗalibaina su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci, amma in ka tambaye su ina suka taɓa ganin abin a duniya sai su dube ka kawai. Na duba ƙamus biyu. Na gwada "mayarwa", na ga ai akuyar maƙwabci ma ana mayar da ita. A ƙarshe na rubuta "amayarwa" da fensir, raina bai kwanta ba.

Ranar da muka je sallama, shugaban kwaleji ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Za ku zauna da Kanawa da Katsinawa da Damagarawa, masu ganin a tukunyarsu aka dafa Hausa. Kada ku bari a ce Gombe kallo ta zo."

Maganar ta taɓa ni, don ni da mahaifiyata Fillanci muke yi, Hausa kuwa a wajen mahaifina da kasuwa na tsince ta. Shi Malam Iliya ma bai fara Hausa sosai ba sai da ya shiga makaranta.

Da sassafe muka kama fijo a tasha. Mu bakwai ne ban da direba. A kusa da ni wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya rungume sabuwar rediyo mai kaset, har ledarta bai cire ba, duk inda muka faɗa rami sai ya ɗaga ta sama kamar jariri. Hanya cike da manyan motoci masu ɗauke da siminti. Ni kuwa murna ta hana ni zama daidai, don ban taɓa fita ƙasar nan ba.

Mun wuce Dukku kaɗan sai lagireto ya tafasa. Direba ya kashe mota ya buɗe gaba, muka zauna a gindin wata tsamiya. Bayan kusan rabin awa na kai hannu kusa da injin, na ji zafi na bugo ni. Na ce to, ga wanda ya san abin nan kullum.

"Direba, injin nan a kashe yake, amma yana fitar da zafin da ya tara. Ku me kuke ce wa wannan?"

Ya dube ni ya ce, "Mukan ce da zafi."

"A'a, ina nufin shi fitarwar."

"Malam, in ya daina mukan ce mu tafi."

Malam Iliya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Tun daga nan duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce mini, "Ga wani kuma, tambaye shi."

A Kano muka kwana gidan wani ƙanen mahaifina a Fagge. Kano ta cika da sababbin babura, ka rasa ta inda za ka tsallaka titi. Washegari muka shiga motar Daura, muka sha fura da nono a can, wadda dole in faɗi gaskiya, ta kusa kamo ta Gombe amma ba ta kamo ba. Daga nan sai Kwangwalam, bakin iyaka.

A ɓangarenmu ba a ɓata lokaci ba, aka buga hatimi muka taka da ƙafa. A nasu ɓangaren muka tarar da ƙofar ofis a rufe, rana tsaka. Wani mai sayar da dabino ya ce mana, "Midi ta yi." Ashe su can da rana ta take kowa sai ya rufe ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, ba a dawowa sai wajen la'asar. Ba fushi suke yi ba, ba yajin aiki ba, tsarin aikin ke nan. Malam Iliya ya ce shi in an kawo wannan doka Gombe zai fi kowa binta.

A gindin bishiya wani Buzu mai rawani ya yafito mu, yana dafa shayi a ƙaramar buta kan gawayi. Ya zuba mana a ɗan kofin gilashi da bai kai tsawon yatsa ba. Ɗaci kamar maɗaci. Malam Iliya ya shanye da ƙyar, ya yi godiya zai miƙe, sai mai dabino ya riƙe masa riga. Wai ba a tashi a kofin farko, sai an sha uku. Na biyun ya fi sauƙi, na ukun kuwa zaƙi kamar zuma. Mun yi hira da Buzun nan da 'yar Hausarsa, ya ce ya taɓa kai raƙuma har Azare, ya tambaye mu ko gaskiya ne a Najeriya yanzu kowa yana da mota.

Da aka buɗe ofis muka shiga wajen wani jandarma siriri mai hula da baki. Na miƙa masa takardar gayyata. Ya juya ta sama da ƙasa, don da Turancin Ingila take, shi kuwa Faransanci ya karanta.

"Mi kuka zo saye?" in ji shi.

Na ce, "Ba saye muka zo ba, ranka ya daɗe. Taron kalmomi za mu."

Sai ya nuna akwatina. A ciki akwai kayan da nake koyarwa da su: ma'aunin zafi, gwangwani biyu, ɗaya baƙi ɗaya fari, da wani gilashi mai kusurwa uku da na naɗe a safa. Ya kwance safar, ya ɗaga gilashin, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan dutse mai daraja ne, an hana wucewa da shi, akwatin zai zauna, ni ma zan zauna har shugabansa ya zo jibi. Jibi kuwa ranar buɗe taro ce. 

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni shi minti ɗaya. In ban nuna maka amfaninsa ba, ka riƙe."

Akwai wata 'yar kafa a tagar katako da rana ke shigowa ta ciki kamar igiya. Na sa gilashin a kan hasken, na juya a hankali. Sai ga bakan gizo ya kwanta a farin bangon ofis, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, ras. Jandarma ya matsa ya sa hannu a bangon, launukan suka hau bayan hannunsa. Ya leƙa ƙofa ya kira abokan aikinsa, har da mai dabino.

"Mushe," ya ce, haka suke kiran malamin makaranta, "kai ka zuba launin a ciki?"

"A'a. Cikin hasken rana yake tun asali. Gilashin rarraba shi kawai ya yi."

Sai da na maimaita sau huɗu. Ya buga mana hatimi, ya naɗe gilashin a safa da hannunsa, ya ce ɗansa yana lakwal, wato makaranta, in littafin ya fito a sa wannan a ciki.

Muka bi ta Matamaye muka shiga Damagaram dab da magariba. Abin da ya fara cika mini ido duwatsu ne, manya-manya a tsakiyar gari, wani kan wani, gidaje na raɓe da su. A tasha wani gajeren mutum mai fara'a ya tarye mu a kan ƙaramin babur. Shi ne Mushe Abdu, mai duba makarantu, kuma shugaban taron. Ya ce masaukin baƙi ya cika, don haka ya kai mu gidan mahaifiyarsa a cikin Birni, tsohuwar unguwa. Gidan ƙasa ne mai kaurin bango, a bayansa ga wani shimfiɗaɗɗen dutse da ya kai faɗin aji guda.

Mahaifiyar, Inna Gado, tsohuwa ce 'yar firit, amma muryarta ta fi ta girma. Ta gaishe mu gaisuwar da ta kai mu har kakanninmu, sannan ta ajiye mana bokiti ɗaya na ruwa ta ce na mu biyu ne, wanka da alwala. Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne. Mu da ke ƙorafin famfon Gombe, na ce mu je mu roƙi gafara. Ta kawo mana tukuɗi, wani abin sha da suke yi da gero da dabino da cuku. Malam Iliya ya sha ƙwarya biyu ya tambaya ko akwai gidan haya a unguwar.

Da safe muka ga mutane na wucewa kowa da wani abu dogo a hammata. Malam Iliya ya ce, "Mutanen nan da son rake suke." Ashe burodin ne. Bayansa tauri, cikinsa laushi, ba zaƙi ko kaɗan. Eh, ya kai tsawon hannu, na auna. Hausarsu kuwa Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Asibiti shi ne likita, alli shi ne lakire, zafi kuma zahi. Su ma suna dariyar tamu, wai mun cika ta da Turanci.

Mu wajen ashirin ne a taron, a wani aji na makarantar gari. Ana gabatar da mu, wani dattijo fari mai babbar riga, Malam Tijjani daga Kano, wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi, ya yi murmushi ya ce, "Ashe har da mutanen Gombe a gyaran Hausa? Na ɗauka ku za a gyara wa." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta leɓe ce.

Ranar farko ta yi daɗi ƙwarai. Ban taɓa ganin manyan mutane suna musu a kan kalma ɗaya har a manta da abinci ba. Wani ya kawo karin magana don ya kare tasa, wani ya ce kakarsa ba haka take faɗa ba. Malam Iliya ya gabatar da kalmomin lissafi, aka karɓi kusan duka, ko da yake in ya ɗauki zafi yakan ce wa mace "ya" ya ce wa namiji "ta", Malam Tijjani yana gyara masa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Rana ta biyu aka zo kaina. Na kafa gwangwanayena a rana, na nuna baƙin ya fi farin shan zafi. Kalmomi suka riƙa wucewa, wasu da gyara, wasu lafiya lau. Har na fara jin kaina. Sai muka zo ta talatin. Na bayyana ma'anarta, na ce, "Ni dai abin da na samu shi ne amayarwa."

Sai wani ya fashe da dariya daga bayan aji.

Malam Tijjani ya ce, "Malam Buba, yanzu yaro ya koma gida ana cin tuwo, ya ce wa uwarsa yau an koya mana bango yana amai?"

Wannan karon har Malam Iliya sai da ya rufe baki da hula. Malam Tijjani ya kawo tasa daga Larabci, i'adatul ish'a'i. Mushe Abdu ya ce a gwada faɗinta sau uku da sauri, ba wanda ya iya sai mai ita. Wani malami daga Maraɗi ya ce a bar ta Faransanci kawai. A ƙarshe Mushe Abdu ya ce gobe ne rufe taro. In ba a samu ba, kowace ƙasa ta sa kalmar Turawanta a wurin.

Na koma masauki jikina a sanyaye. Ba dariyar ce ta fi damuna ba. Na hango yara a ƙauyukan Gombe da na Damagaram suna rera wata kalma da ba ta nuna musu komai, kamar yadda ɗalibaina ke yi, kuma a shafin da aka ba ni amana.

Ina zaune a ƙofar gida rana na shirin faɗuwa, sai ga Inna Gado da ƙwarya cike da wankakken gero, tabarma a hammata. Na tashi na karɓar mata. Muka zagaya bayan gida, ta hau dutsen nan kamar yarinya, ta shimfiɗa tabarma ta fara baza geron.

Na ce, "Inna, shanya yanzu? Ai rana ta tafi."

Ta ce, "Da rana awaki da tsuntsaye ba su bari na. Yanzu sun shige. Dutse za shi ƙarasa mini."

"Dutsen?"

"Ɗana, cire takalmi ka ji."

Na cire. Zafi ya ratso tafin ƙafata, har ina jin shi yana tasowa a ƙwaurina, alhali iska ta fara sanyi.

Ta ce, "Ka ji ko? Huci shikai. Wuni guda yana shan rana, yanzu abin da ya sha shika maidowa. Kafin lisha gerona ya sha iska."

Na tsaya da takalmi a hannu. Na san kalmar huci mana. Na san hucin maciji, na san mutum ya yi fushi yana huci. Amma ban taɓa kawo ta kusa da littafin kimiyya ba, don ni daga Turanci nake tasowa ina neman Hausa, ban taɓa tasowa daga dutsen ba.

Na ce, "Inna, to in ya gama fa?"

"In ya gama ya huce mana. Zo da asuba ka taka, kamar randa."

Huci, huce. Abin da nake cika allo da zane ina bayani, cewa duk abin da ke fitar da zafin da ya sha dole ya yi sanyi, ga shi Hausa ta riga ta ɗaure su da igiya ɗaya. Na diro daga dutsen ba takalmi, na shiga gida ina kiran Malam Iliya, na ɗauko ma'aunin zafi. Muka auna jikin dutsen, muka auna iska, muka sake aunawa bayan sallar magariba. Inna Gado na kallonmu tana riƙe da haɓa. Ta tambayi Malam Iliya ko abokinsa ya saba yin haka.

Washegari na nemi izini na tashi. Na ba da labarin gero da dutse kamar yadda ya faru, na ce kalmar ba tawa ba ce, ta Inna Gado ce. Mushe Abdu ya dafe kai yana murmushi. Na ga kawuna na gyaɗawa. Amma Malam Tijjani ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kalma ce mai kyau, Hausa ce tsantsa. Sai dai ina da ja biyu. Muna cewa hucin wuta, wuta kuwa ba a wajen kowa ta sha zafinta ba, nata ne. To ina bambancin? Na biyu, ka ce mana kalmar Turawan ta haɗa har da haske. Haske yana huci?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ban shirya wa ta farkon ba. Ina tsaye ina lalube sai Malam Iliya ya miƙe ya kwance agogonsa. Irin mai koren hannu ne. Ya ajiye shi a taga cikin rana na ɗan lokaci, sannan ya cire hularsa ya jefa agogon ciki, ya kai wa Malam Tijjani.

"Malam, leƙa ciki, ka rufe da hannu."

Dattijon ya tura fuskarsa cikin hular. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Yana haske."

Malam Iliya ya ce, "Ba fitila a ciki. Ta sha rana ne, yanzu ya maido." Don zumuɗi ya sake haɗa "ta" da "ya", amma wannan karon ba wanda ya gyara masa. Hular ta zagaya aji, kowa na tura fuska.

Malam Tijjani ya shafa gemu. Can ya ce, "To ku saurara. Tsohuwar nan kalma biyu ta ba mu, mu ne muka ji ɗaya. Ta ce huci, ta kuma ce maidowa. Zafi ko haske da ke tasowa daga jikin abu ya iso ka ba tare da ka taɓa shi ba, mu kira shi huci, na wuta ne ko na rana. Wanda kuwa abu ya sha daga wani ya sake fitarwa, mu ce mayar da huci. Rana tana huci, dutse yana mayar da huci. Agogon Malam Iliya yana mayar da hucin haske."

Aka yi ta gwada ta a baki. Bangon bulo yana mayar da huci bayan magariba. Yashi yana mayar da huci. Tukunyar ƙasa da aka sauke tana mayar da huci. Wani ya ce madubi fa? Na ce a'a, madubi bai sha ba balle ya mayar, nasa dawo da haske ne kawai. Mushe Abdu ya ce a ɗaga hannu. Duk aji ya ɗaga. Malam Tijjani ya ciro alƙalami ya soke Larabcinsa da kansa, har da wata kalmar da ya kawo tun ranar farko wadda huci ta maye gurbinta. Ya juyo ya ce mini, "Bagombe, ka iya sauraro. Mu da yawa magana muka iya."

Da aka rufe taro da yamma, malamai suka ce sai sun ga dutsen. Ku yi tunanin mutum ashirin da manyan riguna da kwat, kowa takalmi a hannu, suna hawa dutsen bayan gida suna dafa shi da tafin hannu suna kallon juna. Maƙwabta suka fito kan katanga. Inna Gado ta fito da muciya ta ce duk wanda ya taka mata gero zai gane kurensa. Da ɗanta ya gaya mata maganarta za ta shiga littafin da yaran ƙasa biyu za su karanta, sai ta ce, "Yanzu duk motocin nan da kuka shigo, wannan kuka zo nema? Da kun aiko an tambaye ni." Ta sa aka dama tukuɗi a babbar ƙwarya, muka sha a kan dutsen har aka kira magariba.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Mun kula mun isa iyaka kafin midi. Jandarman nan ya gane mu, ya tambaya ko mun samu abin da muka je nema, na ce mun samu. Malam Iliya ya sayo burodi uku zai kai wa iyalinsa, kafin Darazo sun bushe sun zama sanduna, amma ya rantse sai an ci.

Na iso gida rana ta faɗi, a gajiye, ƙura har cikin kunne. Ɗokin ba da labari ya hana ni shiga ɗaki. Na ajiye akwati a tsakar gida, na zauna a ƙasa na jingina da sabon bangon bulo da muka yi bara, ina jiran Maryama, uwargidana, ta kawo ruwa in fara mata tun daga Dukku. Ta fito da kofi, ta yi mini sannu da zuwa, ta dube ni.

Ta ce, "Malam, matso daga jikin bangon nan mana. Ba ka ji huci yake yi ba?"

Na karɓi ruwan. Na daɗe ina kallonta.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Tun yaushe kike faɗin haka?"

"Tun da aka gina shi," in ji ta, ta koma wajen tuwonta.